A Ƙarshen Darasi, Jikata Za Ta Iya

Lokacin da na fara riƙe alli a garin nan na Suleja, yaran da ka karɓa a aji ɗaya su ne za ka sallama a ajin ƙarshe, sai fa wanda aka ɗauke ubansa daga gari ko wanda Allah ya karɓi abinsa. Ka san gidan kowa. In yaro ya kasa haɗa baƙi da wasali bana, ka san malamin da zai karɓe shi baɗi, sai ku haɗu a gindin mangwaro ka ce masa ya sa ido a kan ɗan gidan wane, har yanzu bai nuna ba. Maje, da ke gefen garin, a lokacin gonakin doya ne da dawa, in ka ratsa ta da damina sai ka naɗe ƙafar wando. Yanzu gidajen bulo sun cinye gonakin, aji kuwa ya koma kamar tashar mota. Masu aiki a Abuja suna kama haya a Suleja saboda ta can ba ta kamuwa, su sa 'ya'yansu a makarantar da ta fi kusa, ranar da mai gida ya sayar da gidansa su kwashi yaran su yi gaba. Malami kan fara zango da wasu fuskoki, ya ƙare shi da wasu.

Ni na yi yawo daidai gwargwado. Na yi karatu a Sudan, na koyar a Maraɗi inda na koyi Faransanci a kan dole, na zauna a Garwa, na yi 'yan shekaru a Kumasi. Da na dawo gida aka sa ni koyar da masu shirin zama malamai, a wannan aiki na tsufa. Abin da na fi nanata musu shi ne manufar darasi. Nakan ce, kafin ka shiga aji, zauna ka rubuta abin da yaro zai iya yi bayan ka fita wanda bai iya ba lokacin da ka shigo. Kada ka rubuta za su fahimta, domin fahimta a ciki take, ba ka ganinta. Rubuta abin da ido zai gani ko kunne zai ji: za su ambata, za su nuna, za su lissafa, za su karanta. Kuma ya zama abin da zai yiwu cikin lokacin da aka ba ka. Manomi ma in ya shiga gona da safe ya san kunyar da yake so ya kai kafin rana ta take. Har gobe ina kan wannan ra'ayi. Malamin da bai san inda za shi ba, yawo kawai zai yi da 'ya'yan mutane.

Yanzu ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Wambai. Ɗaki ɗaya ne nawa da zaure, sauran gidan 'ya'yan 'yan'uwa sun cika shi. Mai ɗakina ta rasu. Idona ya yi yana, ina ganin mutum ina ganin hanya, amma ƙananan rubutu sun ɓace mini. Ɗana direba ne a wani ofis a Abuja, ana sallame asuba zai fita, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Ya zauna a Kaduna, ya dawo Suleja ya yi haya nan da can, a ƙarshe ya sami ciki da falo a Maje. 'Yarsa ta fari, jikata ke nan, ta yi aji ɗaya a wata makaranta, aji biyu ta raba shi tsakanin wasu makarantun biyu. A shekarar da nake ba da labari tana aji huɗu a wata firamare can Maje. Duk Asabar uwarta kan kawo mini ita ta wuni.

Wata Asabar da hantsi saƙo ya shigo wayata daga wani tsohon abokin aikina na Maraɗi. Da Hausa yake rubuto mini kullum. Na ce, "Mutuniyar, zo ki ara mini idonki."

Ta ce, "Kaka, idona ba na aro ba ne, haya nake ba da shi."

"To, da gyaɗa zan biya."

"Soyayya, ban da dafaffiya."

Ta karɓi wayar ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Na jira. Da shirun ya yi yawa na tambaye ta ko rubutun ne ya yi ƙanƙanta.

Ta ce, "A'a. Wannan ba a yi mana shi ba."

"Ba a yi muku me ba?"

"Wannan darasin."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata. Sai na ce a raina wataƙila don da Hausa ne, su kuwa Turanci ake ɗura musu. Jakarta na nan, domin takan zo da aikin gida. Na ce ta ɗauko littafin Turanci ta karanta mini inda suka tsaya. Ta miƙe tsaye, ta gyara murya. Abin da ya fara fitowa daga bakinta, da Turanci, cikin wata irin waƙa, shi ne: a ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya ambaton amfanin itatuwa guda uku.

Na san wannan jimla kamar yadda na san sunana. Amma ba a littafin yara take zama ba, a littafin shirin darasi na malami take. Ban katse ta ba. Ta wuce cikin labarin itatuwa tiryan-tiryan, babu gargada ko ɗaya. Idona bai ga abin da yatsanta ke yi ba, amma kunnena lafiyarsa ƙalau. Labarin ya yi tsawon da ya kamata a ce ta juya shafi, ban kuwa ji motsin takarda ba.

Na karɓi littafin na buɗe can wajen ƙarshe na miƙa mata. Ta ce, "Ba mu zo nan ba." Na ɗora yatsa a kan wani babban baƙi na kanun shafin, wanda ni ma nake iya gani. Ta faɗi sunansa daidai. Na matsa kan na kusa da shi, ta faɗa. Na ce ta haɗa su. Sai ta ce, "Gyaɗata fa?"

Da la'asar uwarta ta zo ɗaukarta, na gaya mata abin da na gani. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, ai tana ƙoƙari. Takardarta ta zangon da ya wuce tana cikin na gaba-gaba." Na ce na yarda da takardar, amma yarinyar ba ta iya karatu ba, hadda take yi. Sannan ta ce, "Dama akwai maganar da babansu ya ce in fara gaya maka. An sayar da gidan da muke ciki, wanda ya saya rushewa zai yi. An ba mu zuwa ƙarshen zangon nan. Babansu ya sami wuri can ɗaya gefen Abuja, wajen Nasarawa."

Nan na san iyakar abin da ya rage mini. Zango ɗaya, shi ma an ci kusan sulusinsa. In yarinyar nan ta bar Suleja ba ta iya haɗa baƙi ba, za ta shiga makarantar da ba wanda ya san ta, da takarda mai cewa tana cikin na gaba-gaba, ba kuwa mai sake tambaya.

Ranar Litinin na hau acaba zuwa Maje. Rabona da makarantar firamare an daɗe. Hedimasta ya karɓe ni da girmamawa, ya kai ni ajin da kansa. Yara sun cika ɗaki har bakin allo, wasu a benci, wasu a ƙasa, takalma jibge a ƙofa. Akwai 'ya'yan manoman wurin, akwai 'ya'yan baƙi daga Kano da Katsina, akwai Yarbawa da Ibo da wasu da ban gane harshensu ba. Malamar yarinya ce matashiya, 'yar wani ƙauye wajen Lambata. Ta sa aka ɗaga mini kujerarta na zauna a gefe, kusa da layin da jikata take.

Darasin ranar a kan inda ake samun ruwa ne. Ta rubuta wani abu a saman allo, ta nuna da sanda, ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya: a ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya ambaton wurare uku da ake samun ruwa. Suka maimaita, suka sake maimaitawa, har ya zama waƙa. Daga baya na ji cewa an je wata bita ne aka ce a riƙa sanar da yara manufar darasi don su san inda aka dosa. Shawara ce mai kyau. Amma a ajin da duk abin da aka rubuta a allo hadda ake yi, manufar ma sai ta zama layin farko na hadda.

Malamar ta yi aikinta. Ta yi bayani da Turanci, ta juya da Hausa, ta jefa wa 'yan kudu nasu da Turancin burokin, wani yaro ya yi tambaya ta amsa masa da Gbagyi. Ni da nake taƙama da harsuna ban taɓa juya huɗu a darasi ɗaya ba. Da ta zo auna fahimta ta ce, wa zai ambaci wurare uku? Ajin ya amsa gaba ɗaya, rijiya da rafi da ruwan sama, har kwanon rufi na amsawa. Na kasa kunne ga muryar jikata. Tana ciki, da ƙarfinta, amma kullum tana zuwa bayan ta sauran da ɗan kaɗan, kamar mamu a bayan liman. Da aka zo karanta abin da ke allo ma haka. Ba allon take kallo ba, bakin ta kusa da ita take bi.

Da aka tashi hutun tara na roƙi malamar ta nuna mini shirin darasinta. Ta karanta mini, tunda ba na gani. Na kasa kunne irin na mai neman kuskure, sana'ata ce ta shekara da shekaru. Ban samu ba. Manufa a fili, matakai a jere, tambayoyin ƙarshe sun dace da manufa. Da a gabana ta yi wannan lokacin gwajin koyarwa, da maki mai kyau zan ba ta.

Na ce, "Malama, jikata ba ta iya karatu ba."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ban zaci wannan amsa ba. Na zo da shirin gardama.

Ta ce, "Ba ita kaɗai ba ce. In na ce in ware maka su, sai an ba mu wani ɗakin. Haɗa baƙi aikin aji ɗaya da aji biyu ne. Ni manhajar aji huɗu aka ba ni, kowane mako da abin da aka ce in yi. Hedimasta zai sa hannu, masu duba makarantu in sun zo makon za su duba, su ga ko ina inda ya kamata."

"To, ki sa karatu a manufarki mana."

Ta yi murmushi irin na gajiya. "In na rubuta za su iya karantawa, a ƙarshen darasi ba za su iya ba, na rubuta ƙarya ke nan. In na rubuta za su iya ambata, za su ambata, kai ma ka ji su. Ba haka kuka koya mana ba, Baba? A rubuta abin da za a iya cimma."

Haka muka koya musu, kuma daidai ne. Na zauna ina juya maganar. Kowane darasi a makarantar nan yana da manufarsa, kowace manufa ana cimma ta kafin a kaɗa ƙararrawa. Amma darasin da manufarsa ita ce jikata ta iya karatu an yi shi tun shekarun baya, a wasu azuzuwa, lokacin da kayan ɗakinsu ke bayan akori-kura tsakanin wannan haya da waccan. Ya wuce. Daga nan har ta gama firamare babu sauran malamin da za a ba wannan aiki.

A Maraɗi, lokacin da nake can, yaron da bai iya ba maimaita aji yake yi, ko da zai yi gemu a ciki. Na ga waɗanda abin ya gyara, na ga waɗanda kunya ta kora gona ba su dawo ba. A makarantun allo, na Sudan da namu na nan, ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai. Manufar ta yaro ɗaya ce, ba ta ɗaki ba. Amma can ba wanda ke ƙirga makonni a kan malam. Na gaya wa malamar wannan, ba don ina ganin za ta iya yin komai da shi ba, sai don tsoho ba ya rasa labari. Ta saurara da ladabi tana kallon ƙofa, saura kaɗan a koma aji ba ta sa komai a bakinta ba.

Duk da haka ita ce ta kawo shawara. Ta ce in zan iya zuwa wasu ranakun, sai ta ware 'yan kaɗan daga cikin waɗanda ba su iya ba, mu zauna da su a baranda lokacin tara. Mu fara da Hausa ga masu jin ta, tunda yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Na ce to bari mu yi abin a kan ƙa'ida, mu sa manufa. Ta yi dariya ta ce, "Tsohon malami dai." Na faɗa ta rubuta: kafin ƙarshen zango, yarinyar za ta karanta jimla ɗaya da ba ta taɓa ji ba, ita kaɗai, babu murya a gefenta.

Na sa aka samo mini kwalayen taliya a shagon unguwa, na yayyanka su, na rubuta gaɓoɓi manya-manya yadda ni ma zan gani. Ba, bi, bu. Ka, ki, ku. Na riƙa hawa acaba ina riƙe da jakar leda, gwiwoyina suna ƙorafi. A baranda dokata ɗaya ce, ba amshi. Kowa shi kaɗai zai faɗa. Ranar farko da na ɗaga kwali na nuna jikata, ta waiga dama ta waiga hagu tana jiran wanda zai fara. Ba wanda ya fara. Na ga yadda shirun ya yi mata nauyi.

Abin bai yi mata daɗi ba. Tara lokacin cin awara ne da 'yar gala-gala, ni kuwa na zo na tsare ta. Sauran yara suka sa wa barandar suna ajin Kaka, in sun wuce su rera ba, bi, bu da muryar jarirai. Yarinyar da ake kira cikin na gaba-gaba yau ga ta zaune da waɗanda kowa ya san ba su ja. Wata Asabar ta zo ta ƙi kula ni. Na ce, "Mutuniyar, yau ba hayar ido?"

Ta ce, "Na fasa mutunci da kai."

"Laifin me na yi?"

"Da can na iya karatu. Kai ka zo ka ɓata."

Na miƙa mata gyaɗa, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Amma abin ya fara kamawa. Wata rana na jera kwali biyu, ta ce ka, ta ce za, sai ta ce, "Kaza?" da alamar tambaya, kamar wadda ta ga baƙo ta gane ɗan'uwanta ne. Na ce ita ce. Ta ce, "Kazar da ake ci?" Na ce ita dai. Ta karɓi kwalayen ta juya su da kanta ta ce, "Zaka. Wannan ba komai ba ne." Ta mayar da su yadda suke. A makon ta karanta gida, ta karanta rana, ta karanta tuwo. Malamar ta ce ta gan ta tana tsayawa a gaban wani shago tana motsa baki. Na fara lissafi a raina cewa in aka ci gaba a haka, za mu kai.

Ba a ci gaba a haka ba. Malamar ɗaya ajin huɗun ta tafi hutun haihuwa, ba a kawo madadinta ba, aka haɗe azuzuwan biyu a hannun tamu. Tara ta zama lokacin duba littattafai da rabon faɗa. Na ci gaba ni kaɗai, amma ba na ganin fuskokin yaran sosai, ban san wanda ya bi ba da wanda ya ɓace, in na juya kan ɗaya sauran su sulale. Aka shiga kaka, 'ya'yan manoma suka ɗauke ƙafa. Sannan makonnin bitar jarrabawa suka zo, hedimasta ya same ni da kansa, yana ta ba ni haƙuri, ya ce a ɗan dakata da baranda, yaran na buƙatar lokacin don su haddace abin da za a tambaye su. Ban ga laifinsa ba. Shi ma da sakamako za a auna shi.

Ya rage saura Asabar kawai. Ita ma ba kowace ba, domin an fara ɗaure kaya, uwarta na buƙatarta ta riƙe ƙannenta. Ana cikin haka wanda ya sayi gidan ya aiko cewa magina sun shirya, ba zai iya jiran hutu ba. Makarantar ta yarda yarinyar ta yi jarrabawa ta tafi, ba sai ta jira takarda ba.

Ɗana ya zo ranar Lahadi ya zauna a ƙasa a zaure. Na ce, "Ka bar mini ita zango ɗaya. Ɗaya tak. Mun kusa."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, a ina za ta kwana? Wa zai kula da ita? Kai ma kula ake yi da kai."

"Ga matan gidan nan."

"Kowacce da nata, Baba. Kuma uwarta ba za ta iya da ƙananan ita kaɗai ba, ni ba na wuni." Ya ƙara da cewa, "In mun je zan sa ta lesin, in sha Allah."

Na san lesin. Darasin safe ne ake maimaitawa da yamma, da amshi iri ɗaya. Ban faɗa masa ba. Mutum ne da ke fita da duhu ya dawo da duhu don su ci, ba ni da bakin ƙara masa kaya. Na ce Allah ya sa alheri a tafiyar.

Asabar ta ƙarshe na share tsakar zaure, na ɗauki gawayi na durƙusa da ƙyar, na rubuta jimla da manyan baƙaƙe a kan siminti. Na zaɓi wadda na tabbata ba ta taɓa ji ba: Kaka ya sayi jan takalmi.

Na ce, "Mutuniyar, ga jarrabawata. In kin ci, gyaɗar duka taki ce."

"In na faɗi fa?"

"Duka taki ce dai."

Ta tsuguna. Ta ɗora yatsa. "Ka, ka. Kaka." Ta ɗago ta harare ni. "Kai ne ma." Ta koma. "Ya. Sa, yi. Kaka ya sayi." Ta zo kalma ta huɗu ta ce ja, sai ta tsaya. Baƙin da ke ƙarshe shi kaɗai yake, ba wasali a bayansa. Ba mu kai irin wannan gaɓar ba, ita ce za mu fara a makon da aka rufe baranda. Ta tsallake zuwa ta gaba, ta ce ta, ta ce ka, ta sake cin karo da irinsa a tsakiya. Na ga kanta ya ɗan juya gefe, neman muryar da za ta bi. Daga ni sai ita a zauren. Kalmar tana kan harshena, na danne ta.

Da can da ta cika da duk abin da ya zo bakinta, da ƙarfi, cikin waƙa. Yau ta daɗe tana kallon gawayin, sannan ta ce a hankali, "Kaka, ban iya wannan ba."

Na ce, "Kin iya rabi."

"Me ka saya?"

Na gaya mata. Ta dubi ƙafata ta ce tsoho da jan takalmi sai ka ce ɗan ƙwallo. Muka yi dariya. Na nuna mata yadda ake rufe gaɓa, ta gwada, ta samu ɗaya ta rasa ɗaya, sai ga sallamar uwarta. A sana'armu in ba a cimma manufa ba akan rubuta a ƙasan shafi cewa a maimaita darasi gobe. Na ba ta kwalayen a jakar leda ta tafi da su.

Muna waya jefi-jefi. Na gwada koya mata ta wayar, abin bai yiwu ba, ba na ganin abin da take nunawa, ita ba ta ganin bakina, ƙannenta na kuka a bayanta. Kwalayen, in ji ta, ƙaramin ƙanenta ya jiƙa su. Uwarta ta ce sabuwar malamar ta yi ƙorafi, wai yarinyar ba ta da kuzarin da tsohuwar takardarta ta nuna, in ana amsawa gaba ɗaya sai ta yi shiru tana kallon allo tana motsa baki. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Kafin in gama haɗawa sun wuce." Na ce to me ya hana ta bi su kamar da. Ta ce, "Ai wannan ba karatu ba ne, Kaka."

Malamar Maje tana nan da azuzuwanta biyu, na aika mata da gaisuwa ta amsa. An rushe gidan da suka zauna. Jikata ba ta zuwa Wambai ranar Asabar kuma. Ta tafi da rabin karatu, ta san bambancin hadda da karatu, ba za ta koma yadda take da ba, kuma a makarantar da take yanzu babu malamin da aka ba aikin ƙarasa mata sauran.